Saifar Kawu da Kuromosom na 22

Aikina gwajin jini ne. Ina ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti a yankin Ringim, kuma yawancin abin da ke wucewa ta ƙarƙashin madubina bai wuce ƙwayar maleriya, da ƙarancin jinin masu juna biyu, da ƙwan tsargiya a fitsarin yaran da ke wanka a kududdufi ba. Abin da ya sa na tsunduma karatun yadda ciwon daji ke farowa a cikin ƙwayar halitta, rashin lafiyar kawuna ce.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, manomi, yana noman rani a fadama. Mutum ne da ba a san shi da kwanciya ciwo ba. Sai ya fara rama, yana gumi da dare har shimfiɗa ta jiƙe, in ya yi loma kaɗan ya ce ya ƙoshi. Gefen hagu na cikinsa, ƙasan haƙarƙari, ya taso ya yi tauri. Kowa a garinmu ya san sunan wannan, saifa ce. Wanzami ya yi masa tsaga a kan wurin, aka jiƙa masa sassaƙe, ya sha maganin maleriya na kemis iri-iri. Ba na ganin laifin kowa a nan, domin a ƙasarmu in saifa ta kumbura, galibi maleriya ce ko tsargiya ko ciwon hanta. Amma tasa ba ta sauka ba, sai ma gangarowa take yi wajen cibiya.

Ranar da ya shigo gari da albasa na roƙe shi ya biyo ta wajen aikina.

"Kawu, bari in ɗiga jininka a gilashi in duba."

"To, ɗan nan, duba. Allah Ya sa mu ji alheri."

A jinin mai lafiya jajayen ƙwayoyi ne ke cika fili, farare kuwa sai ka zagaya kafin ka ci karo da ɗaya ko biyu. Ƙa'idarsu tsakanin 4,000 da 11,000 ne a kowane maikurolita, wato ɗan mitsitsin ɗigon jini. Na Kawu farare ne ko'ina, cunkushe, manya da ƙanana, waɗanda suka nuna da waɗanda ko lokacin fitowarsu daga ɓargo bai yi ba. Da na ƙirga, sun haura 200,000. Na kai wa likita gilashin da hannuna. Ya leƙa, ya ɗago, ya ce mu tafi Kano wajen likitocin jini, kada mu bari mako ya zagayo.

A Kano aka ɗebi ɓargonsa, aka ce sankarar jini ce mai tafiya a hankali, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CML. Na san sunan tun muna makaranta, a matsayin ciwon da ke lallaɓa mutum shekara uku zuwa biyar, sannan ya rikiɗe ya zama mai kisa cikin watanni. Amma likitar da ta gan mu ta ce akwai sauran gwaji guda. Za a nemi wani abu da ake kira kuromosom na Filadelfiya. In an same shi, in ji ta, akwai ƙwayar magani da aka ƙera domin shi.

Wannan maganar ce na kasa sakewa. Ta yaya za a ce an ƙera magani domin wata lalacewa guda a cikin ƙwayar da ido ba ya gani?

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da kuromosom 46, jere biyu-biyu har 23, rabi daga uwa rabi daga uba. A cikinsu DNA take, wato umarnin gina jiki da tafiyar da shi, a rubuce da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, waɗanda yawansu a jere ya kai kimanin biliyan 3. Guntun da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda, wato ɗaya daga cikin sinadaran da ke yi wa ƙwayar halitta ayyukanta, shi ake kira ƙwayar gado, muna da wajen 20,000. Sai a 1956 aka tabbatar da cewa kuromosom ɗin mutum 46 ne. Shekara huɗu bayan nan, a 1960, wasu mutum biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura cewa a fararen ƙwayoyin masu CML akwai kuromosom ɗaya da ya gajarce fiye da kima. Suka duba wani majinyacin, suka sake ganinsa. Suka duba wani, haka nan. Wannan ne karo na farko da aka ɗaura wata sankara a wuyan wata lalacewa takamaimai da ake gani a kuromosom. Sai dai ba wanda ya san inda guntun da ya ɓace ya tafi, kuma masana da yawa sun ɗauka ciwon ne ya haifar da lalacewar, ba lalacewar ce ta haifar da ciwon ba.

Shekara 13 aka yi a haka. Wadda ta warware ƙullin wata likita ce a Jami'ar Shikago, Janet Rowley, uwar 'ya'ya huɗu, wadda ke yin wani ɓangare na aikinta a gida. Takan ɗauki hoton kuromosom, ta yanyanka da almakashi, ta jera a teburin cin abinci tana haɗa kowane da ɗan'uwansa. A lokacin an samo dabarar rina kuromosom yadda zai fito da zane-zane, kuma ɗaya daga cikin ruwan rinin shi ne Giemsa. Da na karanta wannan sai da na ajiye wayata na dubi kwalbar da ke kan bencina, domin da Giemsa nake duba maleriya kullum. A 1973 ta nuna cewa guntun bai ɓace ba. Kuromosom na 9 da na 22 ne suka karye suka yi musayar wutsiya. A shekarun 1980 aka gano abin da ke bakin karayar: wata ƙwayar gado mai suna ABL daga na 9 ta je ta manne da wata mai suna BCR a na 22, suka zama abu guda da babu shi a jikin mai lafiya. A 1990 aka sa wannan haɗaɗɗiyar ƙwayar a ɓargon ɓeraye a ɗakin binciken David Baltimore, ɓerayen suka kamu da ciwo irin na CML. Gardama ta ƙare.

ABL ta asali ba muguwa ba ce. Furotin ɗin da take ƙerawa yana cikin dangin da ake kira kainas, masu isar da saƙo a cikin ƙwaya. Yakan ciro fosfet daga wani sinadari mai suna ATP ya liƙa wa wani furotin, wannan liƙawar ita ce umarnin "rabu biyu" ko "kada ki mutu tukuna". A lafiyayyar ƙwaya yana yin haka ne in an buƙata, sannan ya tsaya. Da BCR ta manne masa, sashen da ke tsayar da shi ya tafi.

Da Kawu ya ce in yi masa bayanin abin da likita ta faɗa da bakin da zai gane, sai na ce:

"Kawu, ka ga injinka na ban-ruwa? A ce makunninsa ya maƙale, ya ƙi mutuwa. Yana ta zuba ruwa dare da rana, har albasar ta ruɓe. Injin bai lalace ba, kashe shi ne ya gagara."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai sai a toshe masa hanyar mai."

"Abin da ƙwayar maganin ke yi ke nan. Tana shiga ramin da ATP ke zama ta toshe."

"In aka cire toshin fa?"

"Zai sake tashi, Kawu. Shi ya sa ba a fashin shan ta."

Kafin a kai ga wannan ƙwayar an sha gardama. Mutum yana da kainas sama da 500, kuma ramin ATP ɗinsu ya yi kama da juna, don haka masana da yawa suka ce duk maganin da ya toshe ɗaya zai toshe saura, ya kashe majinyacin. Wasu masu haɗa magani a kamfanin Ciba-Geigy da ke Basel ta ƙasar Siwizalan, ƙarƙashin Nicholas Lydon, suka ci gaba da gwadawa. Wani likita a jihar Oregon, Brian Druker, wanda ya gaji da ganin majinyatansa na mutuwa, ya karɓi sinadaran ya gwada a kan ƙwayoyin CML, ya ga ɗaya daga cikinsu yana kashe masu BCR-ABL yana ƙyale lafiyayyu. A 1998 aka fara ba mutane. Cikin mutum 54 da suka sha miligiram 300 zuwa sama a rana, jinin 53 ya koma daidai, galibi cikin makonni. A watan Mayu na 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Sunansa imatinib, a kwali kuma Glivec. Da aka bi waɗanda suka fara da shi har shekara goma, kashi 83 cikin 100 suna raye. Daga ranar da Nowell da Hungerford suka ga gajeren kuromosom zuwa ranar da ƙwayar ta shiga kasuwa, shekara 41 ne.

Ina yawan tuna wannan shekara 41 ɗin. Yawancin mutanen da suka yi aikin ba magani suke nema ba. So suke su san me ya sa wannan kuromosom ya gajarce, me wannan furotin ke yi. A wajenmu in ɗalibi ya ce zai karanta ilimin ƙwayar halitta, tambayar farko ita ce wane aiki zai samu da shi. Ban ce tambayar banza ba ce, gidan da babu hatsi dole ya yi ta. Amma ƙwayar da Kawu ke haɗiya kowane dare daga irin wannan karatun ta fito.

Gwajin Kawu ya nuna yana da kuromosom ɗin. Saura kuɗi. A Amurka maganin shekara guda ya kama kusan dala 30,000 a 2001, ya kai 92,000 a 2012. Ko da Kotun Ƙoli ta Indiya ta hana kamfanin Novartis, mai yin Glivec, mallake shi a can a 2013, aka ci gaba da samun mai rahusa na kamfanonin Indiya, ba abin da mai noman albasa zai saya har iya rayuwarsa ba ne. Abin da ya cece mu shi ne shirin bayar da shi kyauta da kamfanin ya yi tare da gidauniyar Max, wanda a Najeriya aka fara tun 2003 a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin Farfesa Muheez Durosinmi. Mutane da yawa a Arewa, har da ma'aikatan lafiya, ba su taɓa jin labarinsa ba. Muka sayar da tunkiya biyu muka hau motar dare, muka sauka wajen 'yan'uwa Hausawa a Sabo.

Miligiram 400 yake sha sau ɗaya a rana, bayan ya ci tuwo, da ruwa kofi cike. Da azumi bai canza komai ba, tunda dama da dare yake sha. Da farko ƙasan idonsa yakan kumbura da safe, ƙafarsa takan ɗaure cikin dare, zuciyarsa takan tashi. Fatarsa kuma ta yi haske har mutane suka fara magana a masallaci. Maganin yana taɓa wani kainas ɗin da ƙwayoyin launin fata ke amfani da shi, kuma an fi ganin haka a baƙar fata. Saifar ta koma ƙarƙashin haƙarƙari. Gashinsa bai zube ba, abin da ya fi tsoro ke nan saboda ya ga wata mata da aka yi wa allurar kemo. Bambancin shi ne kemo tana kai hari ga duk ƙwayar da ke saurin rabuwa, ta ciwon da ta gashi da ta hanji, wannan kuwa lalacewar take nema. Ya koma fadama.

Matarsa ce ta kira ni gefe wata rana, a bakin murhu.

"Ɗana, na ji kana cewa ƙwayar gado. Yaran nan za su ɗauka ke nan? Ka san akwai masu neman 'yar'uwarka."

"A'a, Inna. Ba irin sikila ba ne. Ba a haife shi da shi ba, kuma ba zai ba kowa ba."

Wannan tambayar tana da nauyi, domin aure na iya fasuwa a kanta. Musayar da ta faru tsakanin kuromosom na 9 da na 22 ta faru ne a ƙwaya guda a cikin ɓargon Kawu, bayan ya girma. Ba ta cikin ƙwayoyin da ake samun haihuwa da su. Ba a ɗauka ta kwano ko ta shimfiɗa. Haka yawancin ciwon daji yake: lalacewar tana samuwa ne a tsawon rayuwa, wani lokaci saboda taba ko guba ko ƙwayar cuta, wani lokaci kuskure ne kawai wajen kwafin haruffa biliyan 3 duk sanda ƙwaya za ta rabu. Wanda ake gada daga iyaye bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba, kamar na ƙwayoyin gadon BRCA1 da BRCA2 da ke sa sankarar mama ta yi ta bin mata a dangi ɗaya.

Tunanin cewa ƙwayoyin gadonmu ne ke juyewa su tuƙa sankara, daga kaza ya faro. A 1911 Peyton Rous ya nuna cewa ruwan da aka tace daga ƙarin jikin wata kaza yana sa wa wata kazar irin ƙarin, wato akwai bairos a ciki. Ba a ba shi kyautar Nobel ba sai 1966. A 1976 Michael Bishop da Harold Varmus suka gano cewa ƙwayar gadon da bairos ɗin ke haddasa ƙarin da ita, mai suna src, ba tasa ba ce, ta kazar ce ya ɗauko ta lalace a hannunsa, kuma mu ma muna da irinta. Yau an san ɗaruruwan irin waɗannan.

Ba na so wani ya karanta labarin Kawu ya ɗauka an gama da ciwon daji. CML ta bambanta da saura domin a farkonta lalacewa guda ce ke tuƙa ta. Yawancin sankarar hanji ko huhu ko mama suna da masu tuƙi biyu zuwa takwas, ka toshe ɗaya, saura su ci gaba. Ko a CML ɗin ma, ƙwayoyin kan sake canza harafi guda a bakin ramin yadda imatinib ba zai zauna ba. Mafi taurin kai ita ce wadda ake kira T315I. Saboda haka aka ƙero dasatinib a 2006, nilotinib a 2007, ponatinib a 2012, asciminib a 2021. Shi ya sa ake so mai shan maganin ya riƙa gwajin yawan BCR-ABL a jininsa duk wata uku, musamman a farko. Injin GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da shi a manyan asibitocinmu yana iya wannan gwajin in an samo masa kwanson da ya dace. Injin na nan kusa da mu, kwanson ne ke da wuyar samu. Akwai kuma ƙwayar gado mai suna RAS, wadda aka gano lalacewarta a sankarar mafitsara a 1982, harafi ɗaya tal ya canza. Tana cikin kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukkan sankarar mutane, da kusan duk ta fankiriyas, gaɓar da ke sarrafa suga, amma jikin furotin ɗin ba shi da ramin da magani zai kama. Sai a 2013 ɗakin binciken Kevan Shokat ya gano wani ɗan lungu a jikin iri ɗaya nata, sai a 2021 maganin farko, sotorasib, ya fito, shi ma na wannan iri ɗayan ne kawai.

Inda wannan ilimin ya fi shafar gidajenmu shi ne sankarar mama. Mace biyu za su zo da ƙullutu iri ɗaya a ido da a hannu, amma ciwonsu daban. Na ɗaya sinadarin jikin mata mai suna estrojin ne ke ciyar da shi, ita tamoksifen za ta yi mata aiki, ƙwaya mai araha da ake sha shekara biyar zuwa goma. Na ɗayar kuma wata ƙwayar gado mai suna HER2 ce ta ninka kanta da yawa, kamar yadda Dennis Slamon ya nuna a 1987. Kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu ciwon haka nasu yake, kuma trastuzumab, wanda ya fito a 1998, domin su aka yi shi. Akwai na uku da ba shi da ko ɗaya, wannan kemo ce ginshiƙin maganinsa. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan ta kuma yi aiki da Janet Rowley a Shikago, ta shafe shekaru tana nazarin ƙarin matan Najeriya. Binciken da suka fitar a 2009 a kan matan Najeriya da Senegal ya nuna mafi yawan ƙarin da suka gwada ba sa amsa estrojin, akasin na Turawa.

A nan akwai abin da ya shafi sana'ata kai tsaye. Naman da aka yanko domin gwaji dole ya shiga ruwan fomalin cikin awa guda, ya zauna tsakanin awa 6 da 72. In ya kwana a faranti a ɗakin tiyata, ko aka sa shi a fomalin da aka tsinka da ruwa, ko ya yi makonni a kwalba kafin dangi su haɗa kuɗin mota zuwa Kano, alamun da ake nema sukan goge. Sai sakamako ya fito ya ce babu estrojin alhali akwai, a hana mace ƙwayar da za ta iya saya, wadda za ta iya ƙara mata shekaru. Na ga kuma inda aka cire ƙullutu aka ba miji a leda, ya kai gida ya binne, domin ba wanda ya gaya masa amsar ciwon matarsa na cikin wannan naman. Duk wanda aka yi wa matarsa ko mahaifiyarsa aiki, ya tambayi likita: an kai naman gwaji? An duba estrojin? An duba HER2? Ya karɓi takardar ya adana. Magani mai bin lalacewa ba shi da amfani in ba a san wace lalacewa ba ce.

Sai wanda ya fi ci mini rai. Ba duk ƙwayoyin gadon sankara ne masu ingizawa ba, akwai masu tsayarwa. Babbarsu p53, wadda aka gano a 1979. In DNA ta samu rauni, ita ke tsayar da rabuwa har a gyara, in gyara ya gagara ta sa ƙwayar ta kashe kanta. A kusan rabin dukkan sankarar mutane ta lalace. Toshe abin da ya ƙi tsayawa ya fi sauƙi a kan dawo da abin da ya mutu, shi ya sa har yau babu maganin da ke gyara p53 a kantin magani.

A 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyada daga Barazil. Binciken wannan ne ya tono aflatoksin, gubar da wata funfuna mai suna Aspergillus flavus ke fitarwa a jikin gyada da masara in fari ya buge su a gona, ko aka adana su ba su gama bushewa ba. Hanta takan juya gubar zuwa wani sinadari da ke maƙalewa a harafin G na DNA. A 1991 wasu ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a kan majinyatan Qidong ta ƙasar Sin, ɗaya a kan na kudancin Afirka, suka ga abu ɗaya: a sankarar hanta da yawa, p53 ta lalace a wuri guda, gurbi na 249, inda G ya koma T. Daga baya aka ga haka a Gambiya. A ƙasashen da ba sa cin gubar da wuya a ga wannan. Wato masani zai iya duban ƙarin hantar mutum ya gane abin da ya ci shekaru da suka wuce. In kuma mutum yana da ciwon hanta nau'in B, haɗarin ba tarawa yake ba, ninkawa yake. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi.

Masu sankarar hanta da nake gani samari ne da magidanta, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, ba sa daɗewa. Maganin sorafenib da aka amince da shi domin sankarar hanta a 2007 abin da ya ƙara a gwajinsa kimanin wata uku ne. A nan binciken ƙwayar gado bai ba mu ƙwayar haɗiya ba, amma ya nuna mana ɓarawon da ƙofar da yake shigowa.

Ranar Lahadi a kasuwar Gujungu ka tsaya wajen masu gyada ka gani. Ana tsince mai kyau a auna wa 'yan kasuwar da za su kai Dawanau. Wadda ta yamutse, da mai baƙi-baƙi, da mai ɗaci, ba a zubarwa. Ana tara ta a sayar da rahusa, ta koma ƙuli-ƙuli da kunu da miya, ko a watsa wa kaji, ko yara su ɗiba suna ci a hanya. Soyawa da dafawa ba sa kashe wannan gubar. Na san ba ganganci ba ne, wanda ya sha wuyar noma ba ya iya kallon kwano guda ya tafi a banza. Amma mai kyau ta tafi birni, mai gubar ta zauna a cikin 'ya'yanmu. A ƙasar Gini an gwada abu mai sauƙi a ƙauyuka: tsince gyada da hannu, shanya ta a tabarma maimakon ƙasa, tabbatar da ta bushe, zuba ta a buhun algarara maimakon na leda, ɗora buhun a kan katako. Sakamakon da aka fitar a 2005 ya nuna alamar gubar a jinin mutanen ta ragu da fiye da rabi. Akwai kuma Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, dawa ce da aka rina shuɗiya aka shafa mata irin funfunar da ba ta fitar da guba, ana watsa ta a gona mako biyu zuwa uku kafin fure domin ta rigayi mai gubar kama wuri.

Ɗaya ƙofar ita ce ciwon hanta nau'in B, wanda allurarsa ta shiga jerin rigakafin yara a Najeriya a 2004. Jaririn da ya ɗauki cutar wajen haihuwa, tara cikin goma za su zauna da ita har girma, shi ya sa ake so a yi masa ta farko cikin awa 24. A garinmu yawancin haihuwa a gida ake yi, kuma ba a fita da jariri sai bayan suna, kwana bakwai ke nan. Ba zan iya canza wannan ba, ban ma nemi canzawa ba. Abin da muka yi da mai rigakafin asibitinmu shi ne muka je wajen ungozomar garin, muka gaishe ta, muka yi mata bayani, muka bar mata lambar waya. In an haihu da dare takan sa jikanta ya kira, da safe ya ɗauki allurar a akwatin sanyi ya hau babur, a yi wa jaririn a ɗakin uwarsa. Da damina, in rafi ya cika hanya ta yanke, sai ya bar babur ɗin a tsallake ya shiga kwalekwale.